Yatsan Tasalla

Tun da aka kafa dokar mallakar zane, ko lalle ba ka isa ka yi wa mutum ba sai na'urar hukuma ta duba ta yarda. Shi ya sa Tasalla mai lalle ta yi sammakon zuwa ofis da furen da za ta yi wa wata amarya, furen da ta shekara talatin tana zanawa.

Ma'aikacin ya haska takardar, ya girgiza kai. "Inna, wannan yana da mai shi. Wani kamfani ya yi masa rajista bara."

Ya juyo mata da fuskar na'urar. Furenta ne sak, har da jelar da take karkacewa hagu. Tasalla ta san dalilin karkacewar: tana yarinya taɓarya ta faɗo mata a yatsa, ɗorin bai kama daidai ba.

"Su ma taɓaryar ta faɗo musu?"

"Inna, ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Ɓarayin banza, har da karayata suka kwashe!"

Ta daki tebur, ta miƙa masa karkataccen yatsan.

"To haska wannan ma, ɗan nan. Gaya mini na wane ne."