Bakaniken da Ya Goge Injin Babur da Samfefa

Malam Tanimu, ka ce aikin nan a tafin hannunka yake, ba sai ka tambayi kowa ba. Ban musa maka ba. Amma gyara zama in ba ka wani misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga ya fi.

An yi wani bakanike a wani ƙauye na bakin fadama, shekara ashirin yana gyaran babur mai shan fetur. Gwani ne, wannan ba a ja. Babur na tahowa daga nesa zai karkata kunne ya ce fulogi ne, a buɗe kuma a tarar fulogin ne. Da fetur ya gagari talaka, sai ya sayar da nasa ya sayi babur mai caji, irin wanda injinsa ke cikin cibiyar tayar baya, ba hayaƙi ba ƙara. A daminar nan matarsa na da tsohon ciki. Ungozoma ta shafa ta ce ɗan a gicciye yake, kada a kuskura a yi haihuwar gida, naƙuda na tasowa a nufi asibitin gari. Mota kuwa ba ta shiga ƙauyen in ruwa ya sauka, saboda taɓo. Ka ga ke nan babur ɗin shi ne hanyar matar, shi ne hanyar abin da ke cikinta.

Ana nan sai babur ya fara ɗan fizga in an murɗa totur. Zai yi gir-gir sau biyu, sannan ya miƙe lafiya lau, bai taɓa ajiye shi a hanya ba. Amma abin ya tsaya wa mutumin a rai, don tausayin matarsa yake ji, yana tunanin yadda fizgar za ta yi wa mai naƙuda. Ita ta ce ya bar shi haka har Allah ya sauke ta lafiya, ko ya kai wa masu gyaran irinsa a gari. Ya yi dariya, ya ce shi da ake kawo wa, yau shi zai kai wa wani? Ran Laraba da hantsi ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance tayar, ya buɗe injin. Bai duba batir ba, bai bi wayoyin waje ɗaya bayan ɗaya ba, kai tsaye ya faɗa wa babban abu. A ciki ya tarar da wayoyin jan ƙarfe a nannaɗe, kowace da wani shafi ruwan ƙasa a jikinta kamar busasshen ƙaro. Shi kuwa abin da sana'arsa ta koya masa shi ne, ƙarfe in ya yi duhu datti ne, maganinsa samfefa. Allah sarki! Ashe shafin nan shi ne rigar wayar, shi ke hana wannan ta taɓa waccan wuta ta haɗu. Bawan Allah ya zauna ya yi ta gogewa a tsanake, lungu-lungu, har aka kira azahar, sai da jan ƙarfen ya ɗau ido. Ya mayar da komai, ya ɗaure, ya yi bisimilla ya murɗa. Taya ta juya rabi ta tsaya cak. Warin ƙuna ya cika gidan, wani siririn hayaƙi ya fito daga cibiyar tayar.

Naƙuda ta taso ran Juma'a wajen sha biyun rana, daidai lokacin da duk mai babur a ƙauyen ya tafi gari salla. A amalanken shanu aka ɗora ta. Tafiyar da babur ke yi kafin tukunya ta tafasa, sai da suka kai la'asar suna yin ta, mijin yana gaba yana jan shanun cikin taɓo har gwiwa, yana jin nishinta a bayansa. Uwar ta sha da ƙyar. Ɗan bai zo da rai ba. Ba ma ja da ikon Allah, Malam Tanimu, abin da ya rubuta ba makawa. Amma mutumin ya san hannun da ya riƙe samfefa, kuma wannan sanin bai bar shi ya huta ba.

Bayan an share makoki ya tura babur ɗin har gari, wurin wani mai gyaran irinsa. Mai gyaran ya leƙa cikin injin, ya girgiza kai, ya ce wannan kam ya gama aiki. Sannan ya tsuguna ya zare wata 'yar mahaɗar waya da ke kusa da tayar, ba ta kai ɗan yatsa ba. Ruwan kududdufi ya shige ta, bakinta ya yi kore. Ya sa tsumma ya share, ya hure, ya miƙa masa.

"Baba, ai fizgar daga nan take," in ji shi. "Injinka lafiyarsa ƙalau kafin a taɓa shi."

Bakanike ya karɓi 'yar mahaɗar, ya juya ta a tafin hannunsa, ya zauna a kan benci. Wallahi duk sanda na tuna zaman nan sai tausayinsa ya kama ni, don ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Ƙwarewarsa ce ta hana shi tambaya, ya ɗauki sanin wani inji ya kai wa wani, ya je gyara ƙaramin aibi ya rusa abin da rai ke rataye a kansa. Irin wannan ne Bahaushe ya gani ya ce, garin neman gira aka rasa ido.