Kilishi a Kwalin Amirka

Kowa a danginmu cewa yake Baba ya tsani kayan Amirka. Ba su san shi ba ne.

Ina shekara takwas, muna Montreuil a Faransa, 'yan ajinmu suna zuwa gidan hambaga na Amirkawa, suna dawowa da ɗan abin wasan da ake sakawa a kwalin yara. Ni kaɗai ban taɓa riƙe kwalin nan ba, don naman ba yankan Musulmi ba ne. Na yi ta mita har na daina yi wa Baba magana.

Wata Laraba da rana, ba lakwal, wato ba makaranta, ya ce in sa takalmi. Muka je gidan hambagar nan, ya bi layi da hularsa, ya sayo kwalin. Hambagar ya miƙa wa wani tsoho a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muka zauna a benci, ya zaro kilishin Maradi da yake ta adanawa, ya yayyaga shi a kan firit, soyayyen dankalin da ke cikin kwalin.

Na ce, "Baba, mutane suna kallonmu."

Ya ce, "Su kalla. Kwalin nasu ne, naman namu ne. Ci, uwata."

Har yau ina jin ƙamshin yajin nan haɗe da man firit.

Yanzu Baba yana Lyon wajen yayana. Haƙora sun zube, kilishi ya fi ƙarfinsa. Ran Asabar zan hau jirgin ƙasa, in sayi kwalin nan, in cika masa shi da dambun nama.