Labaran a Mujallar Likitoci

"Duniya ta san da ni!" in ji Labaran mai motocin haya, yana ɗaga takardar da aka bugo masa daga intanet. Likitansa ne ya saka labarin ciwonsa a mujallar da kowa ke karantawa kyauta. An rufe idanunsa da baƙin layi a hoton da ke ciki, amma ga zanen kumatunsa ɓaro-ɓaro.

A majalisar unguwar Zongo ya miƙa takardar ga Dodo, direban da ya kora bara, don da Faransanci aka rubuta ta, kuma Dodo ne ke jin harshen. "Karanta musu yadda na warke."

Dodo ya ɗaga murya: "Iyalinsa sun roƙi a ɓoye masa. Ba zai wuce shekara ba."

Labaran ya yi dariyar yaƙe. "Yaushe aka rubuta?"

"Wata goma sha ɗaya ke nan, maigida. In ci gaba?"