Istiharar Rihab

Midhat malamin falsafa ne a Iskandariyya. Ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, shi ya sa yake shan shayinsa shi kaɗai a wurin wani mai shayi a bakin teku. Rihab ce kawai take zama da shi. Yau ma ta zo, amma jakarta tana kafaɗa.

"Na yi istihara a kan aurenmu," ta ce. "Ban ji komai ba."

"To wa zai amsa? Wanda ya ce akwai Allah, shi zai kawo hujja, ba ni ba."

Ta dube shi, ta dubi teku.

"Malam, shekarar da ka tafi karatu ko gaisuwa ba ka aiko ba. Ban ce babu kai ba. Jira na yi."

"Wannan ba hujja ba ce."

"Ba hujja na kawo ba, zobenka ne." Ta ajiye shi gefen kofi. "Mai taya ni jira nake nema."

Yau ma shi ya ci gardama. Bayan tafiyarta mai shayi ya dafa kujerarta.

"In ɗauke, ko za ta dawo?"

"Bar ta," in ji Midhat, ba tare da wata hujja ba.