’Yan Daban Talata da Alhamis

Ranar Talata ya dawo da hanci a fashe, jini har ƙirjin riga. Matarsa tana tsugune cikin kwalaye tana neman cajar kwamfuta, ta ɗago ta saki salati.

"’Yan unguwa ne," in ji shi, yana toshe hancin da audugar jaririya. "Ba komai, Dakta."

Dakta yake kiranta tun ranar da jami'a ta ɗauke ta karatun digiri na uku, alhali ko babi ɗaya ba ta rubuta ba. Wata biyu ke nan da tarewarsu a garin: ɗaki ɗaya a hawa na huɗu, taga mai kallon bango, da ’yar wata takwas mai haƙora biyu. Shi ya ajiye koyar da lissafi ya biyo ta, kullum yana yawon neman aiki da takardu a hammata.

Alhamis aka tsaga masa leɓe. Talata ta gaba aka take masa babban yatsan ƙafa har farce ya fita. Sai sawun haƙora a damtse. Sai wata tafiya da ya shigo da ita ƙafafu a ware, wadda bai so a yi masa tambaya a kanta ba.

Ikon Allah, ’yan daban garin nan akwai tsari. Ba sa duka ran Litinin, ba sa duka ran Laraba. Ba su taɓa ƙwace masa waya ba. Kai, tun da suka fara jibgarsa ma jaririyar ta sami gurbi a gidan reno. Dakta ba ta haɗa wannan lissafin ba. Idonta na kan jinin da take cuɗewa daga baƙar rigarsa mai hula, mai ƙamshin turare kala-kala. Ƙamshin kuwa, ta ce cunkoson bas ne.

A mako na biyar, ranar Alhamis, ta ɗora takarda kan tebur.

"Takardar ajiye karatu ce. Gobe zan miƙa, mu koma gida. Ban zo garin mutane in karɓi digiri in karɓi gawa ba."

"Haba Dakta, ki daure zuwa ƙarshen zango."

"Kai za ka kai ƙarshen zangon, Yallaɓai?"

Ya dubi agogo, ya ɗauki baƙar rigar, ya fice. Ta jefa takardar a jaka, ta ɗora mata gudumar da suka kafa labule da ita, ta bi bayansa. Yau sai ta ga ɗan gidan uban wa ke cin zalin mijinta.

Ya wuce tashar bas biyu a ƙafa, ya zaga bayan wani jerin kantuna. Nan ya ja hular ta rufe goshi, ya cusa wani abu a baki, ya gangara matakala. Ta lallaɓa ta leƙa ta ƙofar da bai rufe sosai ba.

Wata dattijuwa ce mai furfura, jaka a kafaɗa, ta ba shi baya. Mijinta, malamin lissafi, mutumin da ke kwashe gizo-gizo da kofi don kada ya kashe shi, ya sanɗa ya shaƙe wuyan matar, ya fizgi jakar.

Dakta ta zaro gudumar daga jaka. Ashe ɗan dabar a gadonta yake kwana.

Dattijuwar ta kurma ihu. Ta soka masa gwiwar hannu a haƙarƙari, ta dira diddige kan yatsan nan mara farce, ta maka masa ƙeya a hanci. Ta juyo ta auna inda ya fi tsoro da gwiwa. Ya zube, ƙasar ta karɓe shi ba ƙara. Ta ƙara masa shuri biyu. Jini ya sake tsinkewa.

Dakta ta banka ƙofar, guduma a sama, ita kanta ba ta san kan wa za ta fasa ba.

Sai aka busa usur. Wata mai koyar da mata dabarun kare kai ta tafa hannu: "Madalla, Mama, haka ake wa ɓarawo! Tashi malam, awa biyu muka ɗauke ka, saura mutum sha ɗaya." Dakta ta dubi matan da ke jere jikin bango, ta yaga takardar, ta tuɓe takalmi, ta shiga layi.