Rediyon Kawu a Rana

Jikokina suna cewa zargi ya yi mini yawa. Gado na yi. Ran da Kawu ya kawo rediyo daga Kano, kakata ta tare shi a ƙofar ɗaki, ta sunsuna rediyon.

"Warin kyankyaso nake ji."

"Haba Inna, ai naku na Kura sun fi girma!"

"Namu jajaye 'yan masai ne, ka rufe ramin ka huta. Ƙananan birni kuwa, in suka shiga kwanukana, sai dai in bar musu gidan."

Ta shanya rediyon a rana kamar shinkafa. Can sai ga su suna fitowa ta bayansa a guje. Ta dubi Kawu.

"Kai ma tuɓe rigar, je ka zauna kusa da shi."