Mai Ƙugiya

Delu na ɗauraye kwanuka ta sake hango shi a bakin layin dogo: dogon tsoho mai yatsu uku a hannun dama, ya zuba wa gidansu ido. Kayan ɗakin 'yarta Zulaiha duk suna ciki, biki ya matso, ga maigida ya tafi Garwa sarin albasa.

Tun da tsohon ya zo unguwarsu ta New Bell, hirar teburin mai shayi ta koma ta Mai Ƙugiya, ɓarawon da a can baya yake hawa rufin jirgin ƙasan Ngawundare yana zaro kayan fasinja ta taga da ƙugiya. Jandarma sun yi nema har sun gaji, ko fuskarsa ba wanda ya taɓa gani. Yanzu kuwa an ce wannan baƙon ya san labarin fiye da kima. An ce ko bensikin, babur ɗin haya, ya hau ba ya jira ya tsaya, dira yake yi yana gudu.

Delu ta sauya kwaɗo. Ta jingina turmi a bayan ƙofa.

Uwarta kuwa, da kowa ke kira Tsohuwa, ko a jikinta. Tana kan tabarma ta miƙe gurguwar ƙafarta, tana ɗaure ƙunshin atamfofin amarya da ɗaurin nan nata da ba mai iya kwancewa sai ita. Jirgi ya wuce, bango ya girgiza.

"Wannan fanko ne," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Inna, ana maganar ɓarawo kina maganar jirgi!"

Ranar Juma'a, maza duk suna masallaci, aka yi sallama. Kafin Delu ta rufe ƙofa har tsohon nan ya sako kai tsakar gida. Ta rarumi taɓarya.

"Na san ko kai wane ne, Mai Ƙugiya! Wallahi ka taɓa cokali ɗaya na yarinyar nan sai na tara maka kartiye, duk unguwa ta fito!"

Tsohon ya dube ta da mamaki. Ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya wuce ta, ya durƙusa a gefen tabarma kamar yaro gaban malami.

"Haba, 'yata, wa ya isa ya yi sata a gidan nan? Gaisuwar biki na kawo wa shugabata." Ya sunkuyar da kai gaban Tsohuwa. "Ranki ya daɗe, Mai Ƙugiya, ya ƙafar?"